Lita Nawa a Minti? Yadda Aka Koyi Auna Iskar Oksijin, da Abin da Ya Shafi Boɗinga da Shagari

Akwai maganganu biyu da ake yawan ji a bakin masu jinya idan aka gangaro da tukunyar oksijin gefen gadon mara lafiya. Ta farko: “An sa masa oksijin, sai dai addu’a.” Ta biyu: “Malama, don Allah ki ƙara masa, numfashin bai daidaita ba.” Mai maganar farko ya ɗauki tukunyar a matsayin sallama da duniya. Mai ta biyu kuwa gani yake ai iska ce kawai, ko an ƙara ba abin da za ta yi. Wataƙila kai ma, mai karatu, ka taɓa faɗin ɗaya daga ciki.

Dukansu biyu sun saɓa wa abin da likitoci suka koya cikin shekara 250. Oksijin magani ce, kuma tana da ƙa’ida kamar kowane magani. In ta yi kaɗan a rasa rai, in ta yi yawa ta yi ɓarna. Ba a arha aka gano haka ba, sai da dubban jarirai suka makance, wasu dubban kuma suka mutu. Bari mu bi tarihin daki-daki, sannan mu kawo shi kan titin da ya taso daga Shagari ya ratsa Boɗinga ya shiga Sakkwato, mu ga abin da yake nufi ga mara lafiyar da ke kan wannan hanya.

Kyandir da ɓera

A shekarar 1774, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara fita wa’azi yana ɗan shekara 20, wani malamin coci kuma masanin sinadarai a Ingila mai suna Joseph Priestley ya tattara hasken rana da gilashi, ya haska shi kan jan garin zaiba. Sai wata iska ta fito. Ya sa kyandir a cikinta, ya ga wutar ta yi wani irin haske da ƙarfi. Daga baya ya sa ɓera a cikin kwalbar, ɓeran ya daɗe da rai fiye da yadda zai yi a iskar da aka saba. Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya riga shi samun wannan iska da ’yan shekaru, amma bai wallafa da wuri ba. Antoine Lavoisier na Faransa shi ya raɗa mata sunan da muke kira oksijin.

Abin sha’awa shi ne, tun a 1775 Priestley ya hango fuskokin nan biyu. Ya ce iskar za ta iya amfanar masu ciwon huhu, amma ya yi gargaɗi cewa kamar yadda kyandir ke saurin ƙarewa a cikinta, haka jikin mutum zai iya saurin ƙonewa. Ka tuna, iskar da kake shaƙa yanzu kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kashi 78 naitrojin ne. A kan wannan ma’auni aka halicci jikinmu.

A 1799 wani likita, Thomas Beddoes, ya buɗe cibiyar magani da iska a birnin Bristol. Masu tarin fuka, masu asma, masu shanyewar jiki, kowa a ba shi ya shaƙa na ’yan mintoci ya tafi gida. Ba a ga wani amfani ba. Kafin Shehu ya zauna a Sifawa ta ƙasar Boɗinga, wajajen 1810 zuwa 1815, cibiyar ta riga ta watsar da wannan aiki. Kuskurensu a fili yake: ba su san wa ke buƙata ba, ba su san adadi ba, ba su san tsawon lokaci ba.

Gubar da ke ciki, da darasin yaƙi

A 1878 Paul Bert na Faransa ya nuna cewa dabbobi na kamuwa da jijjiga idan suka shaƙi oksijin a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi. A 1899 kuma James Lorrain Smith ya nuna cewa ko ba matsi mai tsanani, idan dabba ta kwana da kwanaki tana shaƙar oksijin mai yawa, huhunta yana kumbura ya tara ruwa. Wato tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, an riga an san cewa oksijin na iya zama guba. Sai dai a lokacin ba ta da yawa, don haka ba wanda ya damu. Abin ya sauya ne bayan Carl von Linde na Jamus ya gano yadda ake sanyaya iska har ta zama ruwa a 1895, daga nan aka fara tace oksijin a masana’anta ana ɗura ta a tukwane.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo darasi na gaba. Daga 1915 aka fara watsa wa sojoji iskar guba, huhunsu ya cika da ruwa. Masanin numfashi John Scott Haldane ya je fagen daga ya gani da idonsa, ya ƙera takunkumin ba da oksijin, kuma a 1917 ya wallafa bayanin yadda ya kamata a yi. Ya ce mai ƙarancin oksijin a jini dole a ba shi ba yankewa har sai huhun ya farfaɗo. Ana danganta masa misalin cewa ba wa irin wannan majinyaci oksijin jefi-jefi kamar ka riƙa ɗago wanda ya nutse ne ya ɗan shaƙi iska, sannan ka mayar da shi cikin ruwa. Amma shi ma ya ja kunne cewa a ba da mafi ƙarancin abin da zai wadatar. Duniya ta riƙe rabin farko na maganarsa, ta manta rabi na biyu.

Jariran da suka makance

A shekarun 1940 asibitocin Amurka suka samu sababbin kwalaben jarirai masu rufuwa ruf, waɗanda ke iya riƙe oksijin fiye da kashi 50 cikin 100 dare da rana. An lura bakwaini na numfashi daidai idan aka cika masa kwalba da oksijin, sai abin ya zama al’ada, da mai buƙata da marar buƙata.

A 1942 wani likitan ido a Boston, Theodore Terry, ya ba da rahoton wata sabuwar makanta a jarirai bakwaini: wani farin tabo ne ke toshe bayan ƙwayar ido. Kafin 1953 an ƙiyasta yara kusan 10,000 sun makance ta wannan hanya a duniya. Mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu. An zargi hasken fitila, an zargi madara, an zargi rashin bitamin. Ba wanda ya so ya zargi abin da ake gani yana ceton rai.

Wata likitar yara a Melbourne ta Ostireliya, Kate Campbell, ita ta lura da wani abu a 1951. A ɗakin jarirai da ake sakin oksijin ba ƙaƙƙautawa, 23 cikin 123 sun kamu. A inda ake tsimin ta saboda tsada, 4 ne kawai cikin 58. Ka ga ikon Allah, rashin kuɗi ya kare idon wasu yara. A Washington, Arnall Patz ya raba jarirai gida biyu don ya gwada. An ruwaito cewa wasu ma’aikatan jinya kan saci jiki da dare su ƙara wa jariran da aka rage wa, saboda tausayi. Duk da haka sakamakon 1952 ya fito fili: 7 cikin 28 na masu samun oksijin da yawa sun yi mummunar lalacewar ido, babu ko ɗaya cikin 37 na ɗaya ɓangaren. Babban gwajin da aka yi a asibitoci 18 tsakanin 1953 da 1954 ya tabbatar da haka.

Me ke faruwa a idon? Jijiyoyin jinin tantanin bayan ido ba sa gama tsirowa sai dab da cikar wata tara. Idan bakwaini ya samu oksijin fiye da kima, jijiyoyin sai su tsaya da girma. Da an cire shi daga kwalba, wurin da bai samu jijiya ba sai ya shiga yunwa, ya tsiro da wasu jijiyoyi barkatai masu zubar jini, su yi tabo, su janyo tantanin ya ɓalle.

An gudu gara, an tadda zago

Daga nan aka kafa doka: kada a wuce kashi 40 cikin 100, ko da jariri na fama. Makanta ta ragu ƙwarai, aka yi murna. Sai a hankali aka lura mutuwar bakwaini a ranar farko ta ƙaru, haka ma yaran da ke tasowa da lalurar ƙwaƙwalwa. A 1973 Kenneth Cross na Landan ya yi lissafi ya ce a kan kowane yaro guda da aka kare daga makanta, an rasa rayuka kusan 16.

Matsalar ita ce, da masu sakewa da masu ƙuntatawa duk abin da ke fita daga tukunya suke aunawa, ba wanda ke auna abin da ya isa cikin jinin jaririn. Ko a gwajin da aka wallafa a 2010 kan jarirai 1,316 a Amurka, rabi aka riƙe su tsakanin 85 da 89, rabi tsakanin 91 da 95, an ga irin wannan ciniki: na ƙasa sun fi tsira da ido, amma kashi 19.9 cikin 100 sun mutu, na sama kuwa kashi 16.2. Shi ya sa yau yawancin ɗakunan bakwaini ke neman tsakanin 90 da 95. Tazarar ’yan lambobi ce, amma rai da ido suna cikinta.

Akwai wani darasi da ya shafi kowace unguwarzoma. Binciken da aka fara wallafawa daga Indiya a 1993 ya nuna cewa jaririn da ya cika wata tara, aka haife shi bai yi kuka ba, iskar ɗaki da ake tura masa da jakar hura numfashi tana tayar da shi kamar tsantsar oksijin, ko ma fiye. Tun 2010 ƙa’idar duniya ita ce a fara da iskar ɗaki. Don haka ƙaramin asibitin ƙauye da ba shi da tukunya bai rasa abin yi ba, muddin akwai jakar da wanda ya iya aiki da ita.

Manya ma ba su tsira ba

Akwai masu daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD. A Turai taba ce babban dalili. A wajenmu ka ƙara da hayaƙin itace da iyayenmu mata ke shaƙa shekara da shekaru a madafa. Irin waɗannan idan ciwon ya tashi aka sake musu oksijin, sai ka ga mutum ya yi tsit kamar ya samu sauƙi, alhali iskar kabon dayoksaid ce ke taruwa a jininsa tana sa shi barci, daga barci sai suma. Dalili kuwa, huhu yana da dabarar kautar da jini daga sassan da suka lalace zuwa masu aiki. Oksijin mai yawa tana rusa wannan dabara, jini ya koma inda ba a iya fitar da gurɓatacciyar iska.

A 1960 Moran Campbell na Landan ya kawo takunkumi mai ba da adadi ƙayyadadde, kamar kashi 24 ko 28 cikin 100. Amma sai 2010 aka samu hujja mai ƙarfi, daga tsibirin Tasmaniya na Ostireliya. An bi majinyata 405 da motar asibiti ta ɗauko. Waɗanda aka sake wa oksijin, kashi 9 cikin 100 sun mutu. Waɗanda aka auna musu aka tsaya tsakanin 88 da 92, kashi 4. Ka lura, bambancin ya faru ne daga abin da aka yi a kan hanya, kafin a kai ƙofar asibiti.

’Yar na’urar yatsa

Abin da ya warware rikicin shi ne ’yar na’urar nan da ake maƙala wa a yatsa, oksimita. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a 1972, ta bazu a asibitoci a shekarun 1980. Tana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ta kwatanta yadda jini ke shanye kowanne a lokacin bugun zuciya.

Don ka fahimci lambar da take nunawa, ɗauki himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, a matsayin motar haya mai kujera huɗu. Lambar oksimita tana gaya maka kashi nawa na kujerun suka cika. Lafiyayyen mutum a Sakkwato yana tsakanin 95 da 100. Idan ta sauka ƙasa da 90, kujerun na saurin zama fanko, gaɓoɓi su fara yunwa. To amma idan motoci sun cika, ƙarin fasinja ba inda zai zauna, sai ya tsaya yana yawo a tasha. Wannan rarar ita ce ke ɓarna. Tana haifar da wasu ƙwayoyin sinadari masu cin sassan jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, abin da Rebeca Gerschman ’yar Ajantina ta bayyana a 1954. Tana tsuke jijiyoyin jinin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Tana kuma kore naitrojin da ke tokare ƙananan jakunkunan huhu, sai su shafe. Kuma na’urar ba ta wuce 100, don haka idan ka ga 100 a jikin wanda ke kan oksijin, ba ka san yawan rarar ba.

Da aka samu ma’auni, sai aka koma ana bincikar tsofaffin al’adu. Fiye da shekara 100 ana sa wa duk mai bugun zuciya oksijin. A 2017 aka wallafa gwajin da aka yi kan mutum 6,629 a Suwidin waɗanda jininsu bai yi ƙasa ba, aka ga ba ta rage mutuwa ba ko kaɗan. A shekarar dai aka samu irin wannan sakamako kan masu shanyewar ɓarin jiki 8,003 a Birtaniya. A 2018 mujallar Lancet ta haɗa gwaje-gwaje 25 na majinyata fiye da 16,000, ta nuna cewa sakin oksijin ba ƙa’ida yana ƙara mutuwa. Sai dai ɗaya ɓangaren ma bai ɓace ba. A 2020 an wallafa rahoton wani gwaji da aka dakatar a Faransa kan masu tsananin ciwon huhu, bayan wasu daga cikin waɗanda aka ƙuntata wa sun samu mutuwar hanji saboda ƙarancin jini. Darasin jarirai ne ya maimaita kansa a manya.

Inda aka tsaya yau

Ga lambobin da aka fi aiki da su. Ƙa’idar Birtaniya, wadda ta fara fita a 2008, ta ce a nemi 94 zuwa 98 ga yawancin manya masu ciwon gaggawa, wasu ƙwararru kuma tun 2018 suna cewa kada a wuce 96. Ga masu COPD da makamantansu, 88 zuwa 92. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba da oksijin idan lambar ta gaza 90, ko ta gaza 94 idan akwai alamar haɗari kamar suma ko jijjiga. Ta robar hanci, jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa lita 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2, wanda ya girme su har zuwa lita 4.

Akwai lokacin da ba a jira. Wanda zuciyarsa ta tsaya, wanda ya yi mummunan haɗarin mota, wanda aka tsamo daga ruwa da sauran numfashi, ana fara masa da lita 15 a minti ta takunkumi mai jaka. Mutanen Shagari sun san zafin haɗarin ruwa: kifewar kwalekwale a Gidan Magana a Afrilun 2022 ta ci rai 29, ta Dandeji a Mayun 2023 ta ci yara 15, Allah Ya jiƙansu. Amma ko a irin wannan hali, da zarar na’ura ta fara karantawa daidai, sai a riƙa ragewa har a dawo cikin ƙa’ida.

Daga Shagari zuwa Boɗinga zuwa Sakkwato

Za ka iya cewa, mu da ba mu da ita ina ruwanmu da maganar yawa? Gaskiya ne rashi ya fi damun mu. Rahoton kwamitin masana na Lancet na 2025 ya ce cikin mutum 10 masu buƙatar oksijin a Afirka kudu da Sahara, kusan 9 ba sa samu. UNICEF ta ƙiyasta nimoniya ta kashe yara ’yan ƙasa da shekara 5 har 162,000 a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na wannan shekara ya nuna kusan yara 200 cikin 1,000 a Jihar Sakkwato ba sa kai shekara 5. Najeriya ta fitar da manufarta ta oksijin a 2017, kuma a Janairun 2021, da korona ta matsa, gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 6.45 don kafa injinan samar da oksijin 38.

To amma rashi da ɓarna tare suke tafiya. Masu bincike na Jami’ar Ibadan da abokan aikinsu na Melbourne sun duba asibitocin gwamnati da na mishan 12 a kudu maso yammacin Najeriya. Sun tarar yawancin yaran da jininsu ya yi ƙasa ba sa samun oksijin, alhali da dama cikin masu samu ba sa buƙata. Da aka kawo oksimita aka koyar da ma’aikatan jinya, aka kuma gyara hanyar samar da iskar, sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna mutuwar yara masu nimoniya ta ragu da kusan rabi.

Yi wannan lissafi da kanka. Babbar tukunya tana ɗaukar lita kusan 6,800. In aka buɗe ta lita 15 a minti, awa 7 da rabi ta ƙare. In lita 2 ne, ta kai awa 56. ’Yar ƙaramar da ake sawa a mota tana da lita kusan 680: minti 45 a kan lita 15, fiye da awa 5 a kan lita 2. A ce an ɗauko yaro daga Shagari za a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan aka buɗe tukunya iya ƙarfinta don tsoro, tana iya ƙarewa kafin a shiga gari, a daidai lokacin da ya fi buƙata. Idan aka auna, ta kai shi har da saura. A babban asibitin Boɗinga ma haka ne: duk litar da aka ba wanda lambarsa ta kai 99, an ɗauke ta ne daga bakin wanda zai zo da tsakar dare da 82.

Na’urar tace oksijin mai aiki da lantarki ita ma tana son sa ido. Ƙurar hunturu na toshe matatarta, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage mata ƙarfi. A binciken kudu maso yamma da muka ambata, yawancin waɗanda aka gwada ba sa fitar da oksijin mai inganci, wasu ma iskar ɗaki kawai suke hurawa. Ƙarar inji da kumfar ruwa a kwalba ba shaida ba ne. Lambar yatsan majinyaci ita ce shaida.

Inda na’urar ke ruɗi

Oksimita ma tana da makafin wurare, kuma da yawansu sun fi shafar mu.

Na farko, launin fata. Binciken Jami’ar Michigan na Disambar 2020 ya nuna cewa lokacin da na’ura ke nuna 92 zuwa 96, ainihin lambar jini tana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na baƙar fata, a farar fata kuwa kashi 3.6. Wato takan ƙara mana maki. Don haka bai dace a bar majinyacinmu a bakin iyakar ƙasa a ce ya isa ba.

Na biyu, hayaƙin janareta ko garwashin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa lokacin sanyi. Iskar kabon monoksaid tana zama a kujerun oksijin, na’ura kuma ba ta bambance su, sai ta nuna 98 mutum na mutuwa. Wannan ana ba shi oksijin mafi ƙarfi ko me lamba ta ce, domin tana rage lokacin fitar rabin gubar daga kusan awa 5 zuwa ƙasa da awa ɗaya da rabi.

Na uku, ƙarancin jini, irin na zazzaɓin cizon sauro ko sikila. Motocin ne suka yi kaɗan, amma ’yan da suka rage a cike suke, sai lamba ta yi kyau. Irin wannan yaro ƙarin jini yake nema.

Na huɗu, baƙin lalle, jan farce, yatsa mai sanyi ko mai rawa. Sai a sauya yatsa, ko a gwada na ƙafa, a jira lambar ta tsaya.

Abin da ya rage gare ka

Idan yaronka na numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na shigewa ciki, yana gurnani, ya kasa shan nono, ko harshensa ya sauya launi, kai shi asibiti nan take ka roƙi a auna shi. Idan aka ce za a sa masa oksijin, kada ka hana. Abin da ya sa ake danganta ta da mutuwa shi ne an saba ajiye ta sai an kai gargara. Wanda aka sa wa da wuri shi ya fi samun damar komawa gida.

Idan kana jinya, kada ka taɓa makunnin tukunya, kada ka cire robar hanci don a ci abinci sai da izinin ma’aikaci. Kada a kusanto da taba, turaren wuta, ko man shafawa mai maiƙo, domin oksijin na rura wuta, kamar dai kyandir ɗin Priestley. In an rage wa majinyacinka lita, kada ka ɗauka rowa ce, sau da yawa alamar sauƙi ce.

In kuwa kai ma’aikacin lafiya ne, a Boɗinga kake ko Shagari ko wani wuri, rubuta oksijin a katin majinyaci kamar yadda kake rubuta allura: lambar da ake nema, ta wace hanya, lita nawa a minti, da lokacin sake aunawa. Kai kuma mai jinya, tambayoyi uku sun ishe ka, kuma haƙƙinka ne ka yi su cikin ladabi: nawa lambarsa take yanzu, nawa ake so ta kai, yaushe za a sake dubawa?